Gayyar Baba Ta Faɗo Ranar Final

Salamu alaikum 'yan uwa. In kun ga rubutun yau ya karkace ku yi haƙuri, ko runtsawa ban yi ba tun jiya, murya kuwa ba a magana, ihu ya cinye ta. Wadda ba ta san ni ba, ni ce Hidaya Wada, ɗinki nake yi a wani gari na ƙasar Kwaya. Matsalata a duniya guda ɗaya ce tak: ina son mutumin da bai taɓa buga tamaula ba, mu kuwa a gidanmu tamaula gado ce.

Kar ku yi dariya, wallahi da gaske nake. Babana a zamaninsa Wada Guguwa ake ce masa. Shekara goma sha biyu yana buga wa garinmu lamba tara, ƙafa ba takalmi, har gobe in ya ratsa kasuwar Mallawa sai ka ji wani tsoho ya ƙwala masa "Guguwa!" Yayana Tanko, wanda aka samu bayan mata uku, shi ya gaje shi. Har Damagaram ya je ya buga wa wata ekip shekara biyu, kafin gwiwa ta maido shi gida yana ɗingishi. Ƙanena Sirajo kuma shi ne tauraron garin a yanzu, in ya ɗauki balo 'yan mata har gyale suke yarwa.

Sai ga ni na kwaso Mushe Yasin. Malamin lakwal ne, wato makarantar boko, shi ya sa ake ce masa Mushe, ɗan Magaria, siriri, da gilashinsa, wanda in balo ta gangaro gabansa sai ya duƙa ya ɗauka da hannu ya miƙa wa masu ita. Oh ni Hidaya!

Da a nan abin ya tsaya ai da sauƙi. Vakans uku a jere, wato dogon hutun makaranta, Yaya Tanko ne kocin ekip ɗin garinmu, kuma vakans uku ana fitar da mu tun wasan farko. Ba don bai iya ba, a'a, iyawar ce ta yi masa yawa. Sai ya karɓi balo ya yanke mutum uku da gwiwar nan tasa mai ciwo, ya juyo ya ce, "Haka ake yi!" Yara su gwada su kasa, ya bi su da zagi. Bana samari suka yi taro a gindin dogon yaron lakwal, suka ce sun gode wa Yaya, Mushe suke so. Shi kuwa Mushe me gare shi? Kaye. Wani littafin rubutu ne mai koren bango, shekara biyu yana zama da shi bakin fili yana rubutu: wane ya gaji a minti kaza, wane gona ya je da safe, wane fura ya ɗirka kafin wasa. Tun ana yi masa dariya har aka gaji aka bari.

To da kayen nan ya kai mu final ɗin kofin vakans, mu da Guci, ranar Asabar bayan la'asar, a filinmu. Wata biyu ke nan Yaya Tanko ba ya amsa gaisuwata sai da hanci, ni ma kuwa a zuci ba na raga masa.

A ɗaya gefen kuma, da ƙyar Inna ta shawo kan Baba ya yarda iyayen Yasin su zo tambaya ranar Juma'a mai zuwa. Abu ɗaya ya rage, wanda kowa ya sani a nan: mai neman aure sai ya tattaro abokansa sun yi wa surukinsa gayyar noma kafin manya su zauna. Uban yarinya ke sa rana. A ranar ake ganin mutum nawa za su fito saboda kai, da wannan ake auna ka. Yasin kuwa baƙo ne a garin nan, ba shi da wasu mutane da suka wuce 'yan ekip ɗinsa.

Ranar Laraba da magariba muna tsakar gida, an sha ruwan sama, ƙasa sai ƙamshi take. Ina zuba wa Baba miyar kuka a kan tuwonsa sai ya ce wa Inna, ko kallona bai yi ba:

"Gumsu, a tanadi gero. Asabar za a yi mini maimai a babbar gona. A gaya wa malamin nan ya kawo mutanensa."

Ludayin hannuna ya faɗa cikin tukunya.

Inna ta ce, "Malam, Asabar fa ita ce ranar wasan yaran nan."

"Wasa da la'asar ne. Noma da safe."

Na saci kallon Yaya Tanko. Kansa na cikin kwano, amma na ga kumatunsa sun motsa. Wallahi ji na yi kamar in juye masa miyar a ka.

Na shige ɗaki, na turo ƙofa, na zaro portabul, wato wayata, daga ƙarƙashin filo, na rubuta wa Mushe.

"Mushe, akwai matsala."

"Subhanallahi. Keken ɗinkin ne kuma?"

"Wane irin keke! Baba ya sa gayya Asabar da safe."

Ya buɗe saƙon. Ina ganin yana rubutawa, ya goge. Ya sake rubutawa, ya goge. Na kasa haƙuri na tura:

"Ka kawo yaran kawai don Allah. Awa uku su yi su tafi. Kofi ai akwai na baɗi."

Eh, na faɗa, ba zan ɓoye muku ba. A lokacin ko kofin zinariya ne bai dame ni ba, Juma'ata nake ji.

Ya amso: "Gobe zan zo in gaishe da Baba."

Alhamis bayan la'asar ya zo, cikin farar shaddarsa da na yi wa aikin wuya da hannuna, ya cire takalmi tun daga waje, ya durƙusa a zaure. Ni kuwa nan take na ga bayan zauren nan yana buƙatar shara. Na ɗauki tsintsiya na manne da bango.

Bayan gaisuwa na ji ya ce, "Baba, alfarma na zo nema. A ɗaga mini zuwa Lahadi. Wallahi mutum talatin zan kawo, ba za mu tashi ba sai mun gama gonar."

Baba ya yi gyaran murya irin wadda in ya yi ta mun san tarihi zai zo.

"Shekarar da muka ci Dungas uku da nema, tun asuba muna gonar marigayi babana har rana ta take tsaka. Muka sha fura, muka wanke ƙafa, muka shiga fili. Ni na zuba biyu. Noma shi ke buɗe ƙirjin ɗan wasa, malam."

"Haka ne Baba. Amma su 'yan Dungas ɗin, a ranar su ma daga gona suke?"

Baba ya ce, "A lokacin kowa daga gona yake."

"To 'yan Guci sun ajiye hauya tun yau, Baba, na sa an duba mini. Kuma a wasa shida da muka yi, duk yaron da ya yi noma da safe, minti ashirin bayan hutu ƙafarsa ke mutuwa. Na rubuta, ga shi nan."

Na ji ƙarar buɗe takarda. Na dafe ƙirji na ce a raina, wayyo Mushe, mayar da kayen nan aljihu!

"Malam Yasin."

"Na'am Baba."

"Ka taɓa buga balo?"

"A'a Baba."

"Ko ta tsumma?"

"Ko ita."

"To kai a takarda kake ganin gajiya, ni a ƙafata na san ta. Rana na sa, ba na ɗagawa. Allah ya kai mu Asabar."

Ranar Juma'a vokal bakwai, wato saƙon murya, na tura masa. Na yi lallashi, na yi fushi, na yi kukan gaske, na yi na ƙarya. Amsa ɗaya ya ba ni, a rubuce: "Zan zo gonar Baba, Hidaya. Ki kwantar da hankalinki." Ni kuwa sakarya na yi ta murna, har da taka rawa gaban madubi.

Asabar tun asuba gidanmu ya kacame. Maƙwabta uku suka shigo taya Inna, turmi biyu na tashi, aka yi dambun zogale babbar tukunya, aka dama fura da nono ƙwarya huɗu, abincin mutum talatin cif. Da hantsi muka jera muka ɗauka zuwa gona, ni a gaba, na sha atamfata ruwan goro da sabon kallabi, ina taku ɗai-ɗai don in 'yan ekip sun hango ni su yi wa Mushe tsiya.

Tun daga nesa gabana ya faɗi. Ba kiɗa, ba ihu, ba waƙar gayya. Gero ya kai gwiwa, kore shar, a cikinsa mutum huɗu kacal nake gani a duƙe: Baba, Yaya Tanko, Sirajo, sai wani siriri can a baya da tsohon wando, gilashinsa ɗaure da zare ta ƙeya.

Shi kaɗai ya zo, jama'a. Shi kaɗai, da hauyar aro a bayan moto, wato babur.

Sirajo ne ya raɗa mini yadda aka yi lokacin da ya zo shan ruwa. Baba ya tambaye shi, "Ina mutanenka?" Ya ce, "Ni ne, Baba." 'Yan wasan kuwa tun safe ya tara su a aji ɗaya a lakwal, ya shimfiɗa musu tabarmi, ya ce duk wanda ya taɓa hauya yau ba zai sa mayo, rigar wasa, ba. Sirajo kaɗai ya bari, don ba ya hana ɗa bin ubansa gona.

Muka sauke ƙwarya huɗu gaban mutum huɗu. Matan da suka rako mu sai kallon juna suke, masu wucewa a amalanke suna rage tafiya suna leƙe. Na ga jijiyar wuyan Baba ta tashi. A garin nan ba a taɓa yin gayyar da aka koma da fura gida ba, sai a kan Wada Guguwa.

Shi kuwa mutumin nawa ko kai bai ɗago ba. Bai iya noman ba, kowa na gani, kafin ya ja kunya ɗaya Sirajo ya ja uku, yana bi a hankali yana kauce wa wake kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa. Da na kai masa ludayi ya miƙo hannu, sai na ga tafin ya yi ƙulu-ƙulu, biyu sun fashe, ƙotar hauyar har ta yi ja. Haushinsa da tausayinsa suka haɗe mini.

Na ce ƙasa-ƙasa, "Ka kashe ni, Mushe."

Ya ce, "Furar ta yi daɗi. Ke kika dama?"

Ku ji mutum don Allah!

Sai da rana ta take tsaka suka tashi. Inna ta rarraba sauran abincin gida-gida, kowace ƙwarya ta tafi da labarinta. Kafin azahar ba wanda bai ji ba. Baba ya shige ɗakinsa ya saki labule. Da Sirajo ya tsugunna bakin ƙofa ya ce, "Baba, za mu fili," sai muka ji daga ciki, "Ku je. Ni na gama kallon wasa yau."

Na so in zauna a gida in yi ta kuka. To amma da na ji gangunan 'yan Guci sun shigo gari, ƙafata ta ƙi zama. Jinin gidanmu ne, ya zan yi? Na zura doguwar rigata kore mai ratsin rawaya, kalar mayon garinmu, wadda na kwana uku ina ɗinka, na yafa gyale na fita.

Kai, filin lakwal bai taɓa ganin mutane irin na jiya ba! Amalanke sun kewaye shi, motoci biyu daga Guci, moto kuwa ba a ƙirga, samari har kan rassan dogon yaro. Mu mata muka yi dafifi ta gabas. Yaya Tanko na hango can bayan raga, shi kaɗai, ya harɗe hannu a ƙirji.

'Yan wasanmu suka fito a jere. Na ƙirga, na sake ƙirgawa. Babu Sirajo. Can na gan shi zaune a kan benci kusa da Mushe, ya sunkuyar da kai.

Innalillahi! Da safe ka kunyata uba, da yamma ka zaunar da ɗansa?

Fili ya ɗauka, "Sirajo! Sirajo! A sa Sirajo!" Wata mata a bayana ta ce, "Ai ga irinta nan, an ba wa mai alli ekip." Wata ta ce, "Yi a hankali, ga amaryar nan." Ta farkon ta ce, "Wace amarya kuma, bayan abin da ya faru da safe?" Na ja gyale na rufe rabin fuska, kunnuwana kamar an zuba musu barkono.

Arbit, alƙalin wasa, ya busa. 'Yan Guci ƙarti ne, wallahi kamar an zaɓo su a wurin dambe. Minti goma sha biyar suka ɗaga wata balo sama, dogonsu ya sa kai, sai ga ta a ragarmu. Gangunansu suka ɓarke. Namu suka koma kan Mushe da ihu, har wani ya jefo ɓawon rake ya same shi a kafaɗa. Ko waiwaye bai yi ba. Ya naɗe hannayensa da tsumma, biro a tsakanin yatsu, yana kallon fili yana duba agogo.

Aka tafi hutu ɗaya da nema. Na ga ya tara su a inuwa, ba faɗa, ba ɗaga murya, yana zana musu wani abu a ƙasa da tsinke. Daga baya Sirajo ya ce mini abin da ya gaya musu ke nan: lamba uku na Guci yana da gudu amma ba ya juyawa ta hagu, a yi ta bi ta wajensa, a bar ɗaga balo sama, a ajiye ta ƙasa a sa ƙartin nan su yi ta bin ta.

Aka dawo. Jama'a, kamar an canza yaran! Balo ƙasa-ƙasa, daga wannan zuwa wancan, 'yan Guci na bi suna haki. Namu kuwa da suka wuni kwance a aji, ƙafa sabuwa fil. Minti ashirin da dawowa Khalil ɗan gidan mahauta ya bi ta hagun lamba uku, ya wuce shi kamar an dasa shi, ya shimfiɗo ta, wani ya taɓa.

Ta shiga! Ta shiga, wallahi ta shiga!

Ban san lokacin da na rungume matar nan mai maganar alli ba. Ita ma ta rungume ni, muna tsalle tare, ɗankwalinta a ƙasa.

Sai a sannan Mushe ya dafa kafaɗar Sirajo. Saura minti ashirin. Da yaron nan ya miƙe ya cire rigar sama, ƙarar da fili ya yi har cikin haƙorina na ji ta. Ya shiga da yunwar wasa, su kuwa sun riga sun gaji. Taɓawarsa ta farko ya yanke biyu. Ta biyu gola ya ture da ƙyar. Saura minti huɗu ya kutsa cikin gidansu, dogon nan ya rasa yadda zai yi, ya kwashe masa ƙafafu ta baya.

Penalti!

Sirajo ya tashi da ƙasa a baki, ido jajur, ya rungume balo a ƙirji, ya ce ba mai bugawa sai shi. Kaftin na ja, yana ja. Duk suka juyo suna kallon benci. Fili ya yi tsit, kowa na jiran Mushe ya buɗe kaye.

Bai buɗe ba. Rufe shi ya yi, ya ajiye a kan benci, ya ruga da gudunsa mai ban dariya har bayan raga, wurin Yaya Tanko. A gaban garinmu da garin Guci. Da yake wurin ya yi shiru, muna jin su sarai.

"Yaya, ban taɓa tsayawa a wurin can ba. Ban san abin da ƙafa ke ji ba. Wa zai buga?"

Na ce shi ke nan, yau Yaya zai rama. Ya dube shi sama da ƙasa, ya dubi tsumman hannunsa. Sannan ya sauke hannu daga ƙirji, ya ɗingisa zuwa bakin layi, ya ƙare wa yaran kallo ɗaya bayan ɗaya, ba fuskokinsu ba, gwiwoyinsu.

Ya daka tsawa, "Sirajo, ajiye ta! Wanda aka kayar ba ya bugawa, jininka tafasa yake, sama za ka aika ta. Ajimi! Zo nan."

Ajimi fa! Mai tsaron baya, wanda tunda aka fara kofin bai taɓa ko gwada buga raga ba. Yaya ya kama shi ta ƙeya ya yi masa magana a kunne, ya tura shi. Na tsugunna na toshe ido da gyale, ina karanto duk addu'ar da na sani har da ta shiga kasuwa. Na ji usur. Na ji tim. Sai ƙasa ta girgiza.

Biyu da ɗaya! Biyu da ɗaya, 'yan uwa, kofi ya kwana a garinmu!

Abin da ya biyo baya ba zan iya jera muku shi ba. Na san an ɗaga Mushe sama gilashinsa na lilo a wuya. Na san ya yi ta nuna Yaya Tanko har shi ma aka sungume shi, yana "ku sauke ni, gwiwata!" yana dariya, dariyar da rabona da ganinta tun kafin ya tafi Damagaram. Na san takalmina ƙafa ɗaya ya ɓata, da ɗaya na dawo gida ina waƙa.

Ina shiga gida waƙar ta maƙale. Baba na zaune kan buzunsa a tsakar gida, ya dawo daga sallar magariba, carbi a hannu. Inna na gefe ta yi tagumi. Sirajo da Yaya suka shigo bayana da hayaniyarsu, suna ganinsa suka yi laƙwas.

Baba ya ce, "Tanko."

"Na'am Baba."

"Gobe ka hau moto ka je Magaria. Ka ce wa iyayen malamin nan kar su wahalar da kansu ranar Juma'a."

Na zauna a kan turmi. Inna ta buɗe baki, Baba ya ɗaga mata hannu.

Yaya Tanko ya durƙusa a kan gwiwarsa mai lafiya. Tunda aka haife ni ban taɓa jin ya musa wa Baba ko da a kan gishirin miya ba.

"Baba, ka gafarce ni. Ba zan iya kai wannan saƙon ba."

"Me ka ce?"

"Ni na ba ka shawarar a sa gayyar Asabar, don in ga ya faɗi. Vakans uku ina koya wa yaran nan yadda ni nake bugawa, shi kuwa ya zauna ya koyi yadda su suke bugawa. Ya fi ni, Baba. In akwai mai laifin furar da aka mayar gida, ni ne."

Baba ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya juyo gare ni.

"Ke. Kira mini shi."

Na danna lambar Mushe, na sa a sifika don Baba ba ya son kara waya a kunne. Bugu ɗaya ya ɗauka, bayansa ganguna na tashi.

"Hidayata! Kin gani ko? Kin ga..."

"Wada ne."

Wayyo ƙasa ki tsage! Sirajo ya cusa kai cikin mayo. A can kuwa muka ji gangunan suna nisa, alamar gudu yake yana neman wurin shiru.

"Ba... Baba. Barka da yamma, Baba."

"Wa ya ce a ba Ajimi penalti?"

Muka dubi juna ni da Inna. Mutumin da ya ce ya gama kallon wasa! Sai a lokacin na lura da ganyen dogon yaro a kafaɗar rigarsa, irin wanda ke zubo wa mai tsayuwa a bayan katangar lakwal.

"Yaya Tanko ne, Baba. Wannan sanin nasa ne, ni ba ni da shi."

"Zaunar da Sirajo fa? Da zuwa gonata kai kaɗai?"

"Wannan ni ne, Baba."

"Da za a sake, me za ka yi?"

Na runtse ido ina roƙo a zuci: ka ce ka yi kuskure, Mushe, ka ce ka tuba, kalma biyu ce!

"Haka zan sake yi, Baba. Ka yi haƙuri."

"Ko da za ka rasa Hidaya?"

Ina jin numfashinsa a cikin tafin hannuna. Da ya yi magana muryarsa rawa take.

"Baba, wallahi ina son ta, tun Laraba ban yi barcin kirki ba. Amma yara goma sha takwas ne suka ba ni amanar wahalarsu ta wata biyu. In na sayar da su don in same ta, kai kanka ba za ka natsu da barin ta a hannuna ba."

Hawaye suka zubo mini, ban ko share ba. Baba ya ja carbi ɗaya, biyu, uku. Ya miƙo yatsa da kansa ya kashe wayar, ba sallama. Ya miƙe, ya naɗe buzunsa, ya saɓa a kafaɗa.

"Gumsu."

"Na'am Malam."

"Ranar Juma'a a aro tabarmi gidan liman. Namu ba za su isa ba."

Inna ta rangaɗa guɗa tun bai rufe baki ba. Ni kuwa na faɗa jikinta ina kuka ina dariya, Sirajo na tsalle yana buga bango. Amma Baba bai yi murmushi ba. Ya taka har bakin zaure, ya tsaya, bai juyo ba.

"Kai kuma da ka iya ce mini a'a a gaban ƙannenka, biyo ni."

Guɗar Inna ta yanke. Yaya Tanko ya dafa ƙasa ya miƙe da ƙyar, ya karkaɗe gwiwar wandonsa. Da zai wuce ta gabana ya ɗan ja kallabina, yadda yake yi mini ina ƙarama, ya ce ƙasa-ƙasa, "Share hawayen, amaryar koci."

Wata biyu ina yi masa mugun fata a zuci, ga shi yau saboda ni zai sha faɗan Baba. Ya ɗingisa ya shiga zauren, Baba ya turo ƙofa, muka ji ya sa sakata.